Daga Bakolori zuwa Damri: wa ke ƙidaya mamatanmu?

Yau tarihi za mu taɓa, kuma tarihin ƙofar gidanmu ne.

Iyayenmu na Talata Mafara da Bakura da Maradun ba su manta da Bakolori ba. Da aka gina madatsar ruwan a kan Gulbin Sakkwato, ruwa ya cinye gonaki da gidaje, manoma suka tare hanyoyi suna neman diyya. A watan Afrilu na 1980, zamanin mulkin Shehu Shagari, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum 23 suka mutu, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. Har yau lissafin bai daidaita ba.

Bayan shekara 42, ran Juma'a 6 ga Mayu 2022, 'yan bindiga suka afka wa Damri da Sabon Garin Damri da Kalahe. Rahotanni suka ce aƙalla rai 48 suka salwanta. Allah ya jiƙansu.

To, ina duniya take? Tambaya ce mai kyau. A 1994 an kashe kimanin mutum 800,000 a Ruwanda cikin kwana 100, sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya na ƙasar amma ba su hana ba. Kunyar wannan na cikin abin da ya sa a 2005 shugabannin ƙasashe suka amince cewa kare jama'a daga kisan kiyashi wajibin gwamnatinsu ne tun farko. In ta gaza ƙarara, sauran ƙasashe su shigo ta hannun Majalisar. Sai dai yarjejeniyar ba ta da sojan kanta, kuma ko ɗaya daga cikin manyan ƙasashe 5 na Kwamitin Sulhu na iya hawa kujerar naƙi.

Akwai ƙofar da ta fi kusa da mu. Tun 2005 talaka na iya kai ƙarar gwamnati Kotun ECOWAS da ke Abuja kan tauye haƙƙinsa. A 2008 Hadijatou Mani, mutuniyar karkara daga Nijar, ta yi nasara a wannan kotu saboda ƙasarta ba ta kare ta daga bauta ba, aka yanke a biya ta sefa miliyan 10.

Amma kotu ba ta aiki sai da shaida. A nan namu aikin yake, ko muna cikin kulle. Mu ne muka san wanda ya fita bai dawo ba. Ki sa yaro mai karatu ya rubuta sunan, da ranar, da garin, da boko ko da ajami, ki adana a ƙasan akwati. Kada a maimaita Bakolori, inda aka rasa rayuka kuma aka rasa adadinsu.

Allah ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.