Girgizar Ƙasar da Ba a Yi ba a Funtua

A ranakun 11 da 12 ga Satumban 2016 ƙasa ta motsa a Kwoi, cikin ƙaramar hukumar Jaba ta Jihar Kaduna. Bangaye suka tsattsage, mutane suka kwana a waje. A watan Satumban 2018 aka sake jin irinta a Mpape, gefen Abuja, kuma a nan an fi yin kururuwa, don abin ya zo kusa da inda manya ke barci. A lokacin ne mutane da yawa suka fara sanin akwai wata cibiya a Toro ta Jihar Bauci wadda aikinta ke nan, sauraron motsin ƙasa, kuma akwai tsohuwar tsaga cikin dutsen da ƙasar nan ke zaune a kai, wadda masana ke bin sawunta daga Ifewara ta ƙasar Yarbawa har Zungeru.

Kudancin Katsina ma bisa wannan tsohon dutse yake, wanda ya gama rigimarsa tun shekaru miliyoyi da suka wuce. Duwatsun da matafiyi ke hange tsakanin Funtua da Ƙanƙara kawunansa ne da suka leƙo. Manomin Bakori yana da abin tsoro iri-iri, amma ban da ƙasa ta yi rawa ƙarƙashin rumbunsa. Shi ya sa yankin ya dace da wani salon rubutu da ba mu cika yi ba: a ƙirƙiro bala'in da bai auku ba, a sake shi cikin gari, a ga asirin da zai tona. Voltaire na Faransa da girgizar gaske ya yi nasa, wadda ta rushe Lisbon ranar 1 ga Nuwamban 1755. A 1759 ya cusa ta cikin littafinsa Candide don ya yi wa masu cewa komai lafiya lau dariya. Mu kuma muna da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, inda aka kwaɓa yaƙe-yaƙen gaske na zuwan Turawa da ƙasar aljanu a ƙwarya ɗaya, ba wanda ya ce an yi masa ƙarya. To bari mu ari rigar Ganɗoki. Girgizar da za ta biyo baya ƙirƙira ce tsagwaronta. Abubuwan da za ta faɗa wa kuwa, su duk gaskiya ne.

A ce da kaka ne, ranar kasuwa, hantsi ya dubi ludayi, manyan motoci sun jeru ana loda masara. Sai ƙasa ta yi gurnani.

Inda ya kamata ta fara shi ne Maska, sai dai za ta tarar an riga ta. Kafin a san Funtua, Maska ce gari a wannan nahiya, ita da Gozaki ta ƙasar Ƙafur. Wanda ya karanta aikin marigayi Dokta Yusufu Bala Usman kan tarihin Katsina ya san matsayin waɗannan garuruwa: ƙasa mai ruwa, mai auduga da baba, mai masaƙa da marina, inda fatake ke zuwa sayen tufa. Ba yaƙi ne ya rage Maska ba. Dogo ne. Turawa suka ja layin jirgi daga Zariya ya bi ta Funtua da Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929, ciniki ya koma bakin tasha, mulki ma ya zauna can. Har yau hakimin Funtua Sarkin Maska ake ce masa, yana riƙe da sunan wani gari yana zaune a wani. Ko bango ɗaya bai faɗi ba, amma gari guda ya naɗe tabarmarsa ya yi ƙaura.

Abin da ya jawo dogon kuwa auduga ce. A 1902 masu masaƙun Ingila suka kafa ƙungiyar BCGA a Manchester, don sun gaji da dogara ga audugar Amurka. Suka ɗora ido kan ƙasar Zazzau da kudancin Katsina. Aka kawo irin Allen na Amurka, aka buɗe gonar yaɗa iri a Daudawa, aka gina gidajen gurza a Funtua da Malumfashi. Abin dariyar shi ne, da farko Bature ya sha kashi a kasuwa: masaƙan gida, musamman na Kano, sun fi shi sayen auduga da daraja, manomi kuwa ba wawa ba ne. Sai da aka haɗa da harajin da ba a karɓa sai da kuɗi, da rabon angurya kyauta, da dokar cewa ba a sayar da sabon iri sai a kasuwar auduga ta hukuma gaban ma'auni, sannan farin zinare ya kama hanyar teku. Dattawan Malumfashi har yau suna tuna lokacin awo, ranar da ake biyan bashi, a ɗaura aure, a sayi keke.

To girgizarmu ta iso gidajen gurza da ƙarfinta, tana neman abin kayarwa. Nan za ta ji kunya. Gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, ba a bar wani mai kula da ingancin iri ko tsayar da farashi ba. Masaƙun Kaduna da ke shanye audugar suka bi layi suna rufewa, babbar cikinsu, UNTL, ta tsaya a 2007, atamfar waje ta cika kasuwa. Masaƙar Funtua da aka kafa a 1978 ta yi taurin rai fiye da 'yan'uwanta da yawa, amma masaƙa ɗaya ba ta ɗaukar noman yanki guda. Idan kwamitin tantance ɓarna ya iso wani tsohon sito ya fara auna tsagar bango yana rubutawa, maigadi zai gyara tsayuwa ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan tun kafin girgiza take. Waccan ma haka. Ta girgizar ita ce 'yar ƙaramar can, kusa da taga.”

Bayan ta dogo, girgiza ta biyu ta gaske ta zo a 1975, cikin motoci masu tambari. Bankin Duniya da gwamnati suka zaɓi wurare 3 don gwajin sabon tsarin raya karkara, Funtua da Gusau da Gombe. Aikin Funtua ya haɗa gundumomin Funtua, Malumfashi, Bakori, Faskari da Ƙanƙara. Aka yi hanyoyin karkara, aka haƙa ƙananan madatsai, aka buɗe cibiyoyin sayar da takin zamani da rangwame, malaman gona suka bazu ƙauyuka bisa babura. A takarda, ana son auduga ta bunƙasa tare da dawa da masara. A gona kuwa manomi ya yi nasa lissafi. Masara, wadda da a bayan gida ake shuka ta don yara su gasa, ita ta fi amsa taki, ita ta fi saurin kawo kuɗi, ba ta kuma cin feshi da tsinka kamar auduga. Cikin 'yan shekaru ta mamaye gonaki, tuwon masara ya shiga gidajen da ba su san komai ba sai na dawa. Aikin da aka yi fatan zai ɗaga auduga ya taimaka wajen danne ta. Masu suka sun ce manyan manoma da masu hannu da shuni suka fi kwasar garaɓasa, kuma gwamnan Kaduna na PRP, Balarabe Musa, wanda ya soke haraji da jangali a 1979, bai ɓoye rashin yardarsa da sharuɗɗan bankin ba. A ganina gadon da aikin ya bari mafi nauyi shi ne jarabar taki. Yau gonar Dandume ko Danja ba ta yin komai sai ta ga buhu. Don haka idan ƙasa ta girgiza ana tsakiyar rabon taki, ina da yaƙinin ba wanda zai bar layi.

Me ya jawo ta? Nan gardama za ta kaure a majalisu. Wani zai tuno tsohon labarin nan da ke yawo a ƙasashen Musulmi, na bijimin da ke ɗauke da duniya bisa ƙaho, in ya gaji ya juya ta ɗaya ƙahon. Liman zai ce zunubi ne ya yi yawa, a rage algus a mudu. Ɗan boko zai ambaci masu haƙar farar ƙasa a Ƙanƙara. Ɗan adawa zai ce gwamnati ce. Malumfashi ta saba da masu bincike: cikin shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da na Liverpool sun daɗe suna bin ƙauyukanta suna ƙidayar masu tsargiya da zazzaɓi da waɗanda maciji ya sara, kuma Baturen nan Murray Last ya zauna cikin Maguzawan yankin, daga baya ya rubuta a 1981 cewa mutane sukan sha maganin asibiti da na malam da na boka ba tare da sun damu su san wanne ke aiki ba. Haka za a yi wa girgizar. A karɓi bayanin kowa, a yi sadaka, a kuma tokare bango da azara.

Akwai ma waɗanda za su yi murna a ɓoye. Tun da aka cire Katsina daga Kaduna ranar 23 ga Satumban 1987, wasu a ƙananan hukumomi 11 na shiyyar Funtua ke neman tasu jihar, mai suna Karaduwa. An rubuta takardun koke, an je gaban kwamitocin gyaran tsarin mulki, shiru. In tsagar ta yi hankali ta bi bakin kogin Karaduwa, ta gama a minti ɗaya abin da ya gagari majalisa, sai rigimar inda za a ajiye gidan gwamna tsakanin Funtua da Malumfashi. Haka masu tashar jiragen ruwa ta kan tudu da aka buɗe a Funtua a 2024, mai nisan ɗaruruwan kilomita daga teku, a gefen dogon da jirgi ya daina yi wa zirga-zirga yadda ya saba. Su addu'arsu ita ce tsagar ta yi zurfi, ta miƙe kudu har Legas, ruwa ya biyo ta.

Sai suna, don Bahaushe ba ya barin bala'i ya wuce ba a raɗa masa suna ba, kuma sau da yawa sunan da habaici a ciki. Yunwar 1914 Kakalaba ce. Ta 1927 an danganta ta da buhunan hatsin da aka kawo. Ta farkon shekarun 1940 'Yar Gusau, don can aka riƙa zuwa neman abinci. Hausawan Nijar suka kira ta 1984 El-Buhari, saboda a lokacin ne Najeriya ta rufe iyaka hatsi ya daina haurawa. Wannan shi ne rubutun zambonmu na asali, tarihi guda cikin kalma biyu, ba marubuci ba mawallafi. Da Alhaji Mamman Shata na raye a gidansa na Funtua, kafin ƙura ta lafa kalangai sun ɗauka, kuma duk jami'in da ya karkatar da kayan agaji zai ji sunansa a kowace tashar mota daga nan har Agadas. Shata ya rasu a watan Yunin 1999, aikin ya koma hannun yaran Facebook da TikTok, in da sabis.

In da sabis, na ce, don a watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Funtua da Malumfashi da Bakori, saboda 'yan bindiga. Da girgizar ta faɗo a wannan tsakanin, sai direbobin tirela sun kai labarinta Zariya da baki. A nan kuma alƙalamin barkwanci ke cijewa. Daren 11 ga Disamban 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Agustan 2025 aka buɗe wa masallata wuta da asuba a Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi. A sassan Faskari da Sabuwa da Dandume akwai ƙauyukan da suka watse, da gonakin da ba a nomawa sai an biya ɓarayin daji, a sake biya kafin girbi. Duk abin da marubuci zai ƙaga wa girgizarsa, garuruwa kango, mata da yara a azuzuwan firamare, rumbuna babu kowa, mutanen nan sun gan shi da ido ba tare da ƙasa ta motsa ba.

Kwamitin tantance ɓarna dai zai zo daga Katsina da jiniya, ya yi gaisuwa a fadar Galadima a Malumfashi, ya wuce ta Sarkin Maska. Da aka ambaci shiga ƙauyukan yamma, jami'in tsaro zai yi gyaran murya ya ce hanya ba ta da kyau bayan la'asar. Sai a kira dagatai su kawo sunaye a rubuce, a ƙirga rusassun gidajen Sabuwa daga wani masauki a Funtua, a ɗauki hoto da buhunan shinkafa, a miƙa rahoto kafin Juma'a.