Motocin Kwasar Gyaɗa da Direbobin Da

Yau za mu ɗan ajiye zancen girki da reno, mu leƙa tasha. Na san wata za ta ce, to mu da muke cikin gida ina ruwanmu da babbar mota? Ai kuwa da ruwanmu. Gishirin miyarki, da manjan da kike suya da shi, da langar da take jere a ɗakin kakarki, duk a bayan mota suka iso. Kuma da wuya ki lalubi dangi ki rasa tsohon direba, ko matar direba, ko marayan da hanya ta bari.

Kafin mota, ayari ne ke ɗaukar kaya. Fatake da jakunansu, madugu a gaba, su shafe watanni kafin su kai Gwanja su dawo da goro. Sai jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma tun daga kakar 1912 manoma suka raja'a kan gyaɗa saboda ta yi kuɗi. Daga baya aka miƙa dogo zuwa Ƙauran Namoda a 1929, da Nguru a 1930. Amma jirgi ba ya shiga ƙauye. Dole wani abu ya kwaso gyaɗar daga inda aka auna ta, ya kawo ta bakin dogo. Da farko raƙuma da jakuna da takarkarai ne, sannu a hankali mota ta karɓe aikin.

Kun dai ji labarin dalar gyaɗa ta Kano, wadda guda ɗaya kan kai buhu 15,000. Mu kan tuna ta da alfahari, kuma ta cancanta. Sai dai wani dalilin tara ta shi ne jirgi ya kasa kwashewa a kan kari, musamman bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da taragai da injina suka yi ƙaranci. Motoci na ta zubowa daga ƙauyuka, har da gyaɗar Maraɗi da Damagaram da ke biyowa ta Kano, jirgi kuwa yana ɗiba kaɗan-kaɗan. Sai buhuna suka yi ta hawa sama.

Su wa ke da motocin? Akwai manyan kamfanonin Turawa masu sayen gyaɗa, irin su UAC da John Holt. Akwai Kwarori, wato 'yan Labanan da Siriya, waɗanda suka riƙe sufuri sosai a Kano. Daga kudu akwai kamfanin Ojukwu, na mahaifin wanda ya jagoranci Biyafara, wanda yana cikin manyan kamfanonin sufuri na ƙasar nan a zamaninsa. Cikin namu kuwa, gidan Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, shi ne kan gaba a harkar gyaɗa, kuma ɗansa Alhaji Sanusi ya haɗa sayen gyaɗar da motocin ɗaukarta. Ƙarƙashin waɗannan sai ɗimbin alhazai a Funtuwa, Gusau, Katsina, Potiskum da Jos, mai mota biyu, mai biyar, mai guda ɗaya tak wadda ya sayar da shanu ya saya. Waɗannan ƙananan su ne suka fi yawa, kuma su aka fi mantawa da su, don kamfanin nasu a aljihun babbar riga yake, babu ofis, babu takarda.

Wani abin da zai ba ku sha'awa: unguwar Wapa da ke Fagge a Kano, inda ake canjin kuɗi, daga harkar mota ta samo sunanta. A 1948 Alhaji Ibrahim Musa Gashash da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Mahmud Ɗantata suka kafa ƙungiyar jigilar alhazan Afirka ta Yamma, wadda taƙaitaccen sunanta da Turanci shi ne WAPA. A mota ake ɗibar maniyyata, a bi ta Maiduguri, a ratsa Chadi, a shiga Sudan, sannan a hau jirgin ƙasa zuwa bakin Bahar Maliya. Tafiyar da a ƙafa kan ci shekaru, wasu ma su zauna can Sudan ba su dawo ba, sai ta ragu ƙwarai. Idan kakarki ta yi Hajjin mota, ki zaunar da ita ta ba ki labari tun tana da ƙarfin bayarwa.

To bari mu zo kan direban kansa, don nan zancen yake da daɗi. Ba a wayi gari an zama direba ba. Yaro zai fara da zama yaron mota, abin da ake kira karen mota, sunan da ni dai ban taɓa jin daɗinsa ba. Shi ne wanke mota, shi ne ɗibar ruwan lagireto, shi ne ɗaure tamfol da igiya, shi ne dafa wa maigidansa abinci a gefen hanya. Tsofaffin motocin nan irin su Bedford da Austin, idan batir ya ƙi, da hannu ake murza ƙarfe a gaba kafin injin ya tashi, in ƙarfen ya ƙwace kuwa yana iya karya hannu. Aikin da ya fi haɗari shi ne na weji. Wani guntun katako ne mai kauri. Idan mota ta ɗauko lodi ta zo hawan tudu ta fara ja da baya, yaron zai diro da gudu ya cusa shi bayan taya. Rayukan duk wanda ke cikin motar, a wannan lokacin, suna hannun yaron da bai fi shekara sha biyar ba, wanda da dare ƙarƙashin motar yake kwana yana gadi. Sai ya yi shekaru a haka kafin a bar shi ya taɓa sitiyari, shi ma juya mota ne a cikin tasha. Ba banza ba marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi wa karen mota waƙa, kuma tana cikin waƙoƙin da suka fito da shi.

Hanyoyin kuwa yawanci burji ne, ga gargada mai kwance ƙusoshin mota, ga ƙura da rani. Da damina akan tare wasu hanyoyin bayan an yi ruwa, sai ƙasa ta sha iska a buɗe, don kada manyan motoci su kwaɓe su. A Jebba, mota da jirgin ƙasa gada ɗaya suke bi, sai an jira. Wani kogin kuma sai an sa motar a jirgin fito. Saboda haka direban da dole ya zama rabin makanike. Ya san kukan injinsa kamar yadda kika san kukan ɗanki, ya san na yunwa ya san na ciwo.

Yanzu ki ɗora kanki a matsayin matarsa. Ya ɗauki lodin Ikko, ya ce sai kwana goma. Babu waya. Kwana goma ya wuce, sha biyar ya wuce. Labarinsa sai dai a aiki yaro tasha ya tambayi direbobin da suka dawo: kun ga wane? Wani ya ce na bar shi a Tegina yana jiran kayan gyara, wani ya ce a'a, a Mokwa na gan shi. Kuɗin cefanen da ya bari ya ƙare tun tuni. Da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da ɗinkin hula da adashi matan nan suka riƙe gidajen, daga cikin ɗakunansu. A ganina duk wanda zai ba da tarihin sufuri a Arewa bai ambace su ba, ya bar rabi. Ranar da ya dawo kuwa unguwa ta sani, don ga doya, ga ayaba, ga lemo, ga goro ɗan Shagamu, har maƙwabta sai sun sami tsaraba. Da can wasu iyaye kan yi ɗari-ɗari da ba direba 'yarsu, wai ba mazauni ba ne. Da aka ga suna dawowa da rediyo da agogo da atamfa, sai magana ta sauya. Shi kansa Mamman Shata ya yi wa direbobi waƙa, cikinsu har da Bawa Direba.

Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun sauya harkar ƙwarai. Kafin nan direbobi da makanikai da ma'aikatan jirgin ƙasa da yawa 'yan kudu ne. Da 'yan gabas suka koma gida, jirgi ya rasa ƙwararrun hannu, dogon Fatakwal ya rufe, sai kaya suka ƙara komawa kan titi, yaran mota da yawa kuma suka sami sitiyari. Ranar 2 ga Afrilu 1972 aka yi canjin hannu, tuƙi ya koma dama. Zamanin ne na roka, Marsandin nan mai bodin katako, wadda ake yi wa zanen doki ko zaki a baya, da rubutun addu'a a goshi.

Amma gyaɗar da ta haifi sana'ar ta fara mutuwa. Fari ya yi ɓarna a 1973, cuta ta cinye gyaɗa a 1975, dala ta ɓace. Motoci suka koma ɗaukar siminti da taki da shinkafar waje da mai, su gangara kudu da shanu da albasa da tumatir. Gwamnati ta kafa wuraren haɗa manyan motoci, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Marsandi a Inugu. Wasu sun yi arziki a lokacin, kamar Alhaji Ahmadu Chanchangi na Kaduna, wanda ya yi suna da manyan motoci kafin ya kafa kamfanin jirgin sama a shekarun 1990.

Daga 1986, da darajar naira ta karye, sabuwar mota da taya da kayan gyara suka fi ƙarfin mai ƙaramin jari, aka koma sayen kwance. Sauran kuma rabon gado ya ƙarasa su. Alhaji ya rasu ya bar mota shida da 'ya'ya ashirin da mata huɗu, babu wanda ya san lissafin sai shi. A sayar da motocin, a fitar wa matan tumuninsu, a raba sauran, kowa ya kama gabansa. Direbobin da suka yi masa shekara talatin kuwa babu fansho, babu sallama, sai dai wanda 'yan tasha suka ji ƙansa suka ba shi kujerar kamasho.