Black Star: Jirgin yaƙin Nkrumah da bai taɓa yi wa Ghana aiki ba

Idan aka ambaci Black Star a Nima ko Maamobi, abin da ke zuwa wa mutane shi ne tauraron tutar Ghana, ko babban dandalin Accra, ko 'yan ƙwallon ƙasar. Amma akwai wani jirgin ruwan yaƙi da aka tanadar wa wannan suna.

Gwamnatin Kwame Nkrumah ce ta ba kamfanin Yarrow da ke Glasgow kwangilar ƙera shi a tsakiyar shekarun 1960. An so ya zama jagoran jiragen rundunar sojin ruwan Ghana, kuma jirgin da shugaban ƙasa zai riƙa hawa. Tsawonsa ya ɗan haura mita 100.

Ana cikin aikin ne sojoji suka kifar da Nkrumah ranar 24 ga Fabrairu, 1966. Sabuwar gwamnati ta soke kwangilar. Duk da haka an saka jirgin a ruwa a Disambar shekarar, aka kammala shi a 1968, ya yi shekaru a ajiye babu mai saye.

A 1972, shekarar da Nkrumah ya rasu a Bucharest, rundunar sojin ruwan Birtaniya ta saye shi. Ya fara aiki a 1973 da sunan HMS Mermaid, aka girke shi a Singapore. A 1976 ya shiga rikicin kamun kifi tsakanin Birtaniya da Iceland. Ranar 20 ga Satumbar shekarar kuma, yayin wani atisayen NATO, ya yi karo da HMS Fittleton, ƙaramin jirgin share nakiyoyi. Fittleton ya kife ya nutse, mutum 12 suka mutu.

A 1977 aka sayar da shi ga Malesiya, wadda ta raɗa masa suna KD Hang Tuah, sunan wani jarumin daular Malaka na ƙarni na 15. A can ne ya samu muƙamin da aka ƙera shi dominsa, wato jagoran jiragen runduna. Daga 1992 ya koma jirgin horar da sojoji, har aka sallame shi daga aiki a 2018, bayan shekara 41 yana ɗauke da tutar Malesiya.