Bayani a Kan Abin da Ke Cikin Gafakar Magabata

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanar da mutum abin da bai sani ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ka sani, ya kai ɗan'uwana, almajiri kake ko falke, littafin da kake jan baƙinsa a zauren malam ba daga sama ya faɗo ba. Wani ya ɗauko shi a bayan raƙumi, wani ya sayi takarda da dukiyarsa, wani ya sunkuya ya kwafe shi har idonsa ya dushe. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa, na ga magada suna raba gona da gida da awo, amma gafakar mahaifinsu sai a rataye ta a ɗakin da ke yoyo, har gara ta gama da ita. Na kuma ga ɗalibin da ya riƙe fanni ɗaya yana raina sauran. To, ka saurari tarihin gafakar nan, don ka san abin da kake riƙe da shi.

Fasali a kan zuwan littattafai

Littafin Tarihin Kano ya ambata cewa Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385. A zamanin Sarki Yakubu, 1452 zuwa 1463, Fulani suka zo da littattafan tauhidi da na lugga, alhali kafin nan abin da ke hannun malamai shi ne Alƙur'ani da fiƙihu da hadisi. A zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, Shaihu Magili ya sauka Kano, ya rubuta wa sarki littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. A zamanin Muhammadu Kisoke aka kawo Ashafa ta Alƙali Iyal da Mudawwana. Ka duba, kowane ayari da abin da ya ƙara, kamar yadda ake ɗora tubali bisa tubali.

Kai falke, kana da rabo a wannan aiki. A wancan zamani ba a yin takarda a ƙasarmu. Mafi yawan wadda magabatanmu na kusa suka yi rubutu a kanta, mai tambarin wata uku, a ƙasar Italiya aka yi ta, fatake suka ratsa Sahara da ita ta hanyar Tarabulus har kasuwar Kurmi. Hasan al-Wazzan, wanda ya shiga Tambutu a farkon ƙarni na 16, ya shaida cewa ribar littattafai a can ta fi ta sauran haja. Malam ya fiƙe alƙalami, ya dama tawada, baduku ya ɗinka tadarishi da gafaka, amma ba domin falke ba da babu abin rubutawa a kai.

Fasali a kan littattafan shari'a

Kashi na farko a gafaka shi ne fiƙihu. Tushensa a wajenmu Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wanda ya rasu a Madina a shekara ta 179 bayan hijira, daidai da 795. Ɗalibi yakan fara da Ahalari da Ishmawi, ya wuce Iziyya, ya shiga Risala ta Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, sa'an nan ya kai ga Askari da Muhtasar na Halil. Malamanmu ba su tsaya ga karɓa kaɗai ba. Ɗan Masani na Katsina, wanda ya rasu a 1667, ya yi sharhin Ishmawi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kuwa, da ya sauka Kano a wajen 1806, mutanen garin suka roƙe shi ya rubuta musu abin da za su yi hukunci da shi, sai ya wallafa Liya'ul Hukkami.

Kada ka ce wannan karatun alƙalai ne. A cikin Risala akwai babin ciniki, da na bashi, da jingina, da ajiya, da gado. Wanda ya zauna a rumfa bai san inda riba ta halal ta ƙare ba, bai san inda cin ruwa ya fara ba, to zai ci haram yana tsammanin albarkar kasuwa ce.

Fasali a kan littattafan imani

Kashi na biyu shi ne abin da ke gyara zuciya: tauhidi, da tafsiri, da sira, da yabon Annabi. Fiƙihu yana gaya maka yawan mudu, amma tsoron Allah ne ke hana ka danne gindinsa in babu mai gani. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, 1754 zuwa 1817, ya rubuta Ihya'us Sunna don rarrabe sunna da bidi'a. Ƙanensa Abdullahi ya yi tafsirin Liya'ut Tawili. 'Yarsa Nana Asma'u, 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, jajis suka kai su ga matan ƙauyuka waɗanda ba su da ikon zuwa zauren malam. Da jama'a suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, an bar gidaje da gonaki, amma ba a bar littattafai ba.

Fasali a kan littattafan tarihin rayuwa

Kashi na uku shi ne wanda mutum ke faɗin abin da idonsa ya gani. Muhammadu Bello ya gama Infaƙul Maisuri a 1812, a ciki har ya kawo wasiƙun da suka yi jayayya a cikinsu da Shehu Laminu na Barno, bai ɓoye hujjar abokin jayayyarsa ba. A 1813 Abdullahi ya rubuta Tazyinul Waraƙati, ya ba da labarin yaƙe-yaƙe, kuma bai rufe ba cewa ransa ya ɓaci da ya ga wasu cikin jama'a sun karkata ga son mulki da dukiya, har ya bar runduna da niyyar tafiya gabas. Yana da wani ɗan littafi, Ida'un Nusuki, inda ya jera malamansa da abin da ya karanta a wurin kowannensu.

Ga kuma naka, ya kai falke. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ɗan fataken goro ne. Ya zauna Salaga, daga baya ya koma Kete-Karaci a ƙasar da yanzu ake kira Gana, ya rasu a can a 1934. Ya wallafa littafin koyon rubuta wasiƙa, ya kuma rubuta da ajami labarin garuruwan Hausa da sana'o'insu da al'adunsu. Amfanin irin waɗannan littattafai shi ne, fiƙihu yana faɗa maka abin da ya kamata a yi, su kuwa suna nuna maka abin da mutane suka yi, da inda ƙafarsu ta zame, don kada taka ta zame a nan.

Fasali a kan littattafan hikaya

Kashi na huɗu shi ne ƙagaggen labari, kuma a nan ne wasu ɗalibai ke yamutsa fuska, suna cewa ƙarya ce. To, ka tambayi malaminka, me ake karantawa in an kai ƙarshen lugga? Muƙama ta Hariri mutumin Basra, wanda ya rasu a 1122. Labarai ne guda 50 na wani tsoho mai zaƙin baki, Abu Zaidu, wanda ke yawo gari gari yana yaudarar mutane da fasaha. Mai littafin bai ce ya faru ba, mai karatu ma ya san bai faru ba, saboda haka babu wanda aka yaudara. Malamai sun karantar da shi don lugga, ɗalibai kuma suka koyi gane mayaudari ko da ya yi rawani.

A 1933 ofishin fassara na Zariya ya sa gasar ƙaga labari da Hausa, aka buga littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East. Da boko aka buga su, amma wanda ya karanta Shaihu Umar zai ga zafin bauta da raba uwa da ɗa fiye da yadda lissafi zai nuna masa. Ma'auni ɗaya ne: labarin da ya ƙara maka hankali da tausayi ka riƙe shi, wanda ya ƙawata maka alfasha ko ya shagaltar da kai ga barin salla ka ajiye shi.

Fasali a kan salwantar littattafai

Ka sani littafi yana da abokan gaba huɗu: yaƙi, da wuta, da gara, da mai aro. Sojojin Maroko sun ci daular Sanwai a 1591, daga baya aka kama Shaihu Ahmad Baba na Tambutu aka kai shi Marrakesh a 1594. Ya ce an washe masa littattafai 1600, kuma shi ne mafi ƙarancin littattafai a danginsa. Bai koma gida ba sai 1608. Sarkin Musulmi Bello ya gaya wa Baturen nan Clapperton cewa suna da littafin lissafi na Iƙlidis wanda aka kawo daga Makka, gobara ta cinye shi. A zamaninmu ma, a watan Janairu na 2013, masu ɗauke da makamai sun ƙone dubban rubuce-rubuce a cibiyar Ahmad Baba da ke Tambutu. Mafi yawan na gidaje sun tsira ne domin mutanen gari sun zuba su a akwatuna, sun fitar da su a ɓoye, wasu a mota wasu a jirgin ruwa, zuwa Bamako.

Yaƙi da gobara ƙaddara ce, amma gara da mai aro sakacinmu ne. Littafin hannu ba a ɗinke yake ba, warƙa warƙa ne. In ka ari Risala ka mayar babu warƙa uku, ka yanke wa wani babin gado, watakila a zalunci maraya saboda kai. Ahmad Baba ya yabi malaminsa Muhammadu Bagayogo da cewa yakan ba da aron littafi mai tsada ga ɗalibin da bai ma sani ba. Irin wannan kyauta ba ta ɗorewa sai in masu aro suna da amana.

Saboda haka, ya kai almajiri, ka fara da abin da ya wajaba a kanka, sa'an nan ka faɗaɗa, kada ka raina kashi ɗaya cikin huɗun nan. Abin da ka ara ka mayar cikakke. Ya kai falke, ka ware wani abu cikin ribarka ka sayi littafi ka yi waƙafi da shi. In ka gaji gafaka, ka sauke ta, ka kakkaɓe, ka ɗaga ta daga ƙasa da danshi, ka nemi masani ya jera warƙoƙinta, a ɗauki hotonsu. In ba ka iya riƙonta, akwai wuraren ajiya irin su Gidan Arewa a Kaduna. Kada ka sayar da ita ga wanda ba ka san inda zai kai ta ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rubuta, da waɗanda suka kwafa, da waɗanda suka ɗauko. Wanda ya ga kuskure a nan ya gyara, ya kuma sa mai rubutu da iyayensa da malamansa cikin addu'a. Tammat, da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonSa.