Gyaran Sifikun Gida Domin Inganta Sauti: Nazari a kan Yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci sauye-sauyen da ake yi wa sifikun gida da nufin kyautata sautinsu, tare da la'akari da yanayin Talata Mafara da Bakura da Maradun a Jihar Zamfara. An auna kowane sauyi da lissafin kimiyyar sauti. Binciken ya nuna cewa ƙara ƙugi da ƙarfin amfilifaya, wato gyaran da ya fi farin jini, ya fi cin kuɗi kuma ya fi dusashe muryar mai magana. Gyaran akwati da kafasita da mazaunin sifika ya fi araha, ya kuma fi dacewa da abin da mutanen yankin ke saurare.

Gabatarwa

Sifikar da ke ɗakunanmu jikanyar wadda Chester Rice da Edward Kellogg suka bayyana ce a Amurka a 1925: kwayil na siririyar wayar tagulla a cikin ratar maganaɗisu, manne da kwali mai siffar mazurari. Wuta ta ratsa kwayil, kwali ya yi gaba ya yi baya, iska ta motsa, kunne ya ji. Abin da aka yi ta bincike a kansa daga baya shi ne akwatin. Albert Thuras ya samu rajistar akwati mai kafar iska a 1932, Edgar Villchur ya fito da rufaffen akwati ƙarami a 1954, sannan Neville Thiele a 1961 da Richard Small a farkon shekarun 1970, dukansu a Ostareliya, suka tsara lissafin da ke daidaita sifika da akwatinta.

Sai dai kafin a ce sauti ya gyaru, dole a tambayi abin da ake saurare. A gidajen wannan yanki, akasari magana ce: karatun Alƙur'ani, tafsirin watan azumi, wa'azi, labarun rediyo, da waƙoƙin makaɗan fada irin su Alhaji Musa Ɗanƙwairo, haifaffen ƙasar Bakura da ya yi suna da Maradun, wanda ya rasu a 1991. Wanda ya kunna Ɗanƙwairo kalmomin yake bi, da amshi, da zaƙin kotso. Idan kalma ta ɓace, waƙar ta ɓace.

Hanyar Nazari

An ɗauki misalin akwati mai cin lita 30 da sifika mai om 8 ko 4, da ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da faɗi, wanda magina suka saba fitarwa. An yi amfani da gudun sauti na mita 343 a daƙiƙa. Ma'aunin Hz na nufin yawan karkarwa a daƙiƙa guda, desibel kuma ma'aunin ƙarfin sauti ne, om kuwa na turjiyar wuta.

Inda Magana Take Zaune

Tushen muryar namiji baligi yana tsakanin 85 da 180 Hz, amma abin da ke bambanta kalma da kalma yana can sama. Layin tarho na da yana ɗaukar 300 zuwa 3,400 Hz kaɗai, kuma ana fahimtar juna da shi. Binciken Fletcher da Munson na 1933 ya nuna kunne ya fi kaifi a wajajen 2,000 zuwa 5,000 Hz. A Hausa, huci da fashewar da ke raba s da sh da ts, ko k da ƙ, galibinsu a sama suke. Sanannen abu ne kuma a ilimin ji cewa kakkauran sauti mai ƙarfi yana danne siririn sauti fiye da yadda siriri ke danne kakkaura. Ashe duk ƙugin da aka ƙara ba bisa ƙa'ida ba, daga hakkin baƙaƙen ake cire shi.

Batun Wat

A nan ne kuɗin mutane ke tafiya. Inda wutar layi ba ta da tabbas, kayan sauti da yawa na aiki da batir mai bolt 12 da sola ke caji. Amfilifaya da ke shan bolt 12 kai tsaye, ba tare da na'urar ɗaga wuta a cikinta ba, iyakar tsaftataccen ƙarfin da za ta ba sifika mai om 4 bai wuce wat 18 ba, ko da kwalinta ya ce dubu uku. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa. Kafin kunne ya ji sauti ya ninka, sai an ƙara kimanin desibel 10, wato wat ninki goma. Idan aka murɗa ƙaramar amfilifaya ta wuce iyakarta, sai ta guntule kan igiyar sauti, murya ta yi ƙarce, tuwita, wato ƙaramar sifikar siririn sauti, ta sha zafin da ba a yi ta dominsa ba. Haka nan jona sifiku biyu masu om 4 a kafaɗa da kafaɗa yana mayar da su om 2, nauyin da yawancin amfilifayoyin gida ba sa ɗauka.

Akwati da Kafar Iska

Gaban kwali da bayansa suna tura iska ne a saɓanin juna. Tsawon igiyar 100 Hz ya kai mita 3.4, don haka cikin sauƙi take kewayowa ta bayan sifika ta soke ta gaba. Aikin akwati shi ne raba su. Duk tsagar da ke jikinsa, ko ratar da aka bari a gefen sifika, ko hudar da waya ta bi, ɓarna ce. Yanayin yankin na taimaka wa ɓarnar: busasshiyar iskar hunturu tana sa katako ya tsuke ya saki gam, damina kuma tana kumbura allon da aka yi da garin katako, musamman a garuruwan da ke kusa da tafkin Bakolori, wanda aka kammala madatsarsa a 1978, da gonakin shinkafar da yake shayarwa. Gam ɗin kafinta a kusurwoyi, zoben roba na tsohon tib a ƙarƙashin bakin sifika, da sanda guda da ta tokare bango da bango don hana su karkarwa, sun isa.

Cikin akwati ma yana da nasa amon. Idan tsayinsa santimita 50 ne, sauti zai riƙa kai da komo a 343 Hz, a tsakiyar murya ke nan, shi ya sa wasu sifikun ke sa malami ya zama kamar daga cikin randa yake karatu. Maganinsa shimfiɗa abu mai laushi a bangon baya da gefuna. Zamfara ƙasar auduga ce, ga kuma audugar rimi. A sassauta ta, kada a danƙara, a naɗe ta da tsohon gidan sauro don kada zarenta ya shiga kwayil.

Kafar iska ita ce wurin da aka fi yin kuskure, domin mutane na ɗauka huda ce kawai ta shan iska. A gaskiya iskar cikin kafar da ta cikin akwati suna karkarwa tare a wani mizani da girman akwati da faɗin kafa da tsawonta suka ƙayyade, bisa lissafin Helmholtz. A akwatin lita 30, bututun roba mai faɗin santimita 5 da tsawon 10 yana ba da kimanin 38 Hz. In aka bar hudar ba bututu, a allo mai kaurin santimita 1.5, sai ta hau zuwa 58 Hz. In aka faɗaɗa ta zuwa santimita 8, kamar yadda mai neman ƙugi zai so, ta kai 78 Hz. A nan ƙugi guda ne zai riƙa bugawa kowace irin waƙa aka sa, kuma a ƙasa da wannan mizani kwali ba shi da abin tokara, sai ya yi ta fiffika har ya yage. A ra'ayin marubucin, wanda ba zai yi lissafin ba gara ya toshe kafar da soso ya huta.

Kafasita da Jona Waya

Tuwita ba ta jure kakkauran sauti. Kafasita mai maikurofarad 4.7, wadda ba ta da kai da gindi, in aka jera ta da tuwita mai om 8, za ta fara rage abin da ke ƙasa da kimanin 4,200 Hz, mai 3.3 kuma daga 6,000 Hz. Tsohuwar kafasita kan bushe da zafi, kuma sauya ta ya fi sayen sabuwar tuwita sauƙi. Sai jona waya: a taɓa batir mai bolt 1.5 a bakin kowace wufa, wato babbar sifikar kakkauran sauti, a tabbatar duk kwalayen waje suke turowa. Sifiku biyu da aka jona ɗayarsu a juye suna cinye ƙugin juna, mai su kuwa ya tafi kasuwar Talata Mafara neman babbar amfilifaya.

Sai kuma batun zafi da ƙura: zafi bai cika taɓa lissafin akwati ba, domin a digiri 40 gudun sauti mita 355 ne, bambancin kashi 3.5 cikin ɗari. Kwayil ne ke wahala: turjiyar tagulla na ƙaruwa da kashi 0.39 cikin ɗari a kowane digiri, don haka kwayil da ya hau daga digiri 20 zuwa 120 ya ƙara kusan kashi 40, sauti ya ragu, mai saurare ya ƙara murɗawa. Ƙura kuma, in hular tsakiyar kwali ta ɓalle, tana shiga ratar maganaɗisu ta riƙa gogar kwayil.

Ɗaki

Ɗaki mai ƙafa 12 a kowane gefe yana amsa amo a 47 Hz da 94 Hz, kuma da yake tsawo da faɗi ɗaya ne, amon ya haɗu wuri guda. Kowane bangon da sifika ta jingina da shi na iya ƙara ƙugi har desibel 6, lungu ya fi ko'ina. A janyo ta daga lungu kamar rabin mita, a ɗaga tuwita daidai kunnen mai zaune, wanda a gidaje da yawa a tabarma yake ba a kujera ba. Darduma da labule da katifa suna shanye amsa-kuwwar daɓen siminti da tayil.

Gwajin da Ya Kamata Ya Biyo Baya

Sashen injiniyan lantarki na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara zai iya jarraba waɗannan alƙaluma da kayan da ba su da tsada. A naɗi jerin kalmomin da baƙi ɗaya ya raba su, da bakin mai karin harshen Zamfara, a kunna su ta sifika guda kafin gyara da bayan kowane gyara, a ɗaki guda da ƙarfi guda, masu saurare su rubuta abin da suka ji ba tare da sanin wane gyara aka yi ba. A riƙe ƙarfin a ƙasa da desibel 80, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba baligi na awa 40 a mako.