Bakassi: Yadda aka samu masu shiga tsakani

A watan Maris na 1994 ne Kamaru ta kai ƙarar Najeriya gaban Kotun Duniya da ke birnin Hague, bayan da sojojin ƙasashen biyu suka yi arangama a tsibirin Bakassi mai arzikin kifi da man fetur. Daga baya ƙarar ta haɗa da sauran kan iyaka har zuwa Tafkin Chadi.

Abin da ya yi wuya tun farko shi ne samun wanda ɓangarorin biyu za su yarda da shi.

Faransa ta fi kowa kusanci da Yaounde, amma tana da yarjejeniyar tsaro da Kamaru, don haka Najeriya ba ta ɗauke ta a matsayin 'yar ba-ruwanmu ba. Birtaniya da Jamus kuwa su ne suka rattaba hannu kan yarjejeniyar 1913, wadda ita ce ma ake jayayya a kanta. Shugaban Togo, Gnassingbe Eyadema, ya gwada sa'arsa, har ya haɗa ministocin harkokin wajen ƙasashen biyu a garin Kara a 1996, sai dai Togo ba ta da ƙarfin tilasta wa kowa cika alkawari.

Ranar 10 ga watan Oktoba na 2002 kotun ta bai wa Kamaru tsibirin. A Najeriya an yi ta ƙorafin cewa shugaban kotun, Gilbert Guillaume, Bafaranshe ne, kuma akwai 'yar Birtaniya da Bajamushe cikin alƙalan.

A nan ne rawar Kofi Annan ta fito fili. Ɗan Ghana ne, ƙasarsa ba ta da rabo a rikicin, kuma yana magana ne da yawun Majalisar Ɗinkin Duniya. Dabararsa mafi muhimmanci ita ce haɗa Shugaba Olusegun Obasanjo da Shugaba Paul Biya a kusa da birnin Paris a watan Satumba, tun kafin a yanke hukunci, lokacin da babu wanda ya san inda za ta faɗi. A watan Nuwamba, a Geneva, aka kafa hukumar haɗin gwiwa ƙarƙashin Ahmedou Ould-Abdallah, ɗan Mauritaniya, ƙasar da ba ta maƙwabtaka da ko ɗaya daga cikinsu.

Hukumar ta fara ne da abin da ya fi sauƙi. A watan Disamba na 2003 Najeriya ta janye daga Darak da wasu ƙauyukan Tafkin Chadi.

Abin lura shi ne, ƙasashen da ba a yarda su yi sulhu ba an karɓe su a matsayin shaidu. Faransa da Birtaniya da Jamus, tare da Amurka, su ne suka shaida yarjejeniyar Greentree ranar 12 ga watan Yuni na 2006, domin wanda ya saɓa ya san da wa zai yi.

Majalisar dattawan Najeriya ta nuna adawa da miƙa tsibirin a 2007, tana mai cewa ba a nemi amincewarta ba. Duk da haka gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta miƙa shi a Calabar ranar 14 ga watan Agusta na 2008.