Karkara, Taki da Ƙaramin Manomi: Waiwaye a Kan Tarihin Noma Mai Ɗorewa a Ƙasar Kano

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan an yawaita amfani da kalmomin "noma mai ɗorewa" a gidajen rediyo da takardun hukumomin raya karkara, har mai sauraro yana iya zaton wani sabon ilimi ne aka shigo da shi domin a koya wa manomi. Abin da ake nufi da shi dai shi ne noman da zai ciyar da mai yin sa bana, ba tare da ya kashe ƙasar da 'ya'yansa za su noma nan gaba ba. Idan haka ne, to fassarar ce sabuwa, aikin kam tsoho ne. Wannan maƙala za ta waiwayi tarihin noma a ƙasar Kano da maƙwabtanta tun daga ƙarni na 19, domin a ga yadda ƙaramin manomi ya riƙe ƙasarsa, da kuma abin da ya biyo baya a lokutan da hukuma ta zo da niyyar taimaka masa. Hujjar farko daga cikin harshen Hausa za a ɗauko ta.

2.0 Karkara da Saura

A yau idan aka ce karkara, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne kishiyar birni. A bakin manoma kuwa kalmar tana da ma'anar da ta fi wannan tsufa. Karkara ita ce ƙasar da ke kewaye da gari, wadda ake zuba wa taki ana noma ta kowace shekara ba a hutar da ita. Abokan burminta su ne daji, inda ba a noma, da saura, wato gonar da aka bari ta huta. Da wannan ma'ana Polly Hill ta tarar da kalmar a Ɓatagarawa ta ƙasar Katsina a ƙarshen shekarun 1960. Abokan aikina a nan kudu, inda aka saba barin gona ta koma kurmi na wasu shekaru kafin a sake sare ta, sukan yi mamakin jin cewa akwai gonakin da aka gada kaka da kakanni ba su taɓa hutawa ba, alhali ƙasar jigawa ce mai rairayi, ruwan sama kuma na wata huɗu zuwa biyar ne kacal.

Babu inda wannan tsari ya kafu kamar kewayen birnin Kano. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya yaba albarkar ƙasar da yawan ƙauyukanta. Bayan fiye da shekara 100, Michael Mortimore ya auna yankin a shekarun 1960, ya ga kusan duk ƙasar da za a iya nomawa ana noma ta kowace damina, duk da cunkoson jama'a. Tambayar ita ce, me ya hana ƙasar mutuwa?

Amsa ta farko taki ne, kuma jaki ne ya ɗauki nauyinsa. Da rani ayarin jakuna kan shiga birni da itace da kara da hatsi, su fito da mangaloli cike da shara da toka da kashin dabbobi, a kai gona a jibge tsibi-tsibi kafin saukar ruwa. Ke nan birni yana cin abin da gona ta ba shi, yana kuma mayar mata da abin da ya rage. A gida kuma tumaki da awaki suna turke duk damina domin kada su yi ɓarna, ana kawo musu ciyawar da aka nome, da rani a ba su harawar wake da ta gyaɗa, abin da suka kasayar kuma ya koma gona. Wanda ke da hali yakan roƙi Fulani su yi mashekari a gonarsa bayan an kawar da amfani, ya ba su hatsi, shanu su ci kara su bar masa taki. Binciken da Frances Harris ta yi a Tumbau a shekarun 1990 ya tabbatar da muhimmancin wannan zagaye na harawa da ƙananan dabbobi, ya kuma ƙara wani abu da manomi ba ya biyan ko kwabo a kansa, wato ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga hamadar Cadi tana sauke wa gonaki sinadaran da shuka ke buƙata.

Amsa ta biyu itatuwa ne. Gonar Bakano ba fili ba ce fetal. Akwai ɗorawa da kuka da tsamiya da kanya a tsaye a cikinta, kowace da mai ita, har akan gaji itaciya dabam da gonar da take ciki. Sarkinsu a wajen manomi shi ne gawo, saboda halinsa da ya saɓa wa na sauran itatuwa: yana kaɗe ganye da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ya kuma yi ganye da rani, dabbobi su taru a gindinsa suna cin 'ya'yansa. Duk wanda ya taɓa lura da geron da ke ƙarƙashin gawo ya san ya fi na gefe kyau.

Amsa ta uku ita ce haɗa iri. A gona ɗaya za a shuka gero da dawa, daga baya a sa wake ko gyaɗa a tsakani. Gero yana nuna cikin kamar wata uku, ya fitar da gida daga yunwar tsakiyar damina. Idan an girbe shi dawa ta samu sarari, wake kuma ya yaɗu ya rufe ƙasa. In ruwa ya yanke da wuri an tsira da gero, in ya kai ƙarshe an samu duka. Yawan kalmomin da harshe ya tanadar wa matakan aikin, irin su sassabe da binne da firi da maimai da huɗa, shaida ce ta cewa ilimi ne da aka daɗe ana tace shi. Da yawa daga masana aikin gona na zamani sun ɗauki wannan haɗe-haɗe a matsayin rashin tsari, sai da David Norman na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ya bi manoman wasu ƙauyukan Zazzau a shekarun 1960 da 1970, ya nuna da alƙaluma cewa gonar da aka haɗa iri ta fi ta iri ɗaya riba, ta kuma fi ta tsaro daga asara.

Kada dai a ɗauka zamanin nan aljanna ne. Tsarin yana cin ƙarfin mutum ƙwarai, kuma a ƙarni na 19 wani kaso na wannan ƙarfi na bayi ne da ke zaune a rumadan sarakuna da attajirai. A gidan talaka gandu ne ya riƙe aikin, inda 'ya'ya ke noma wa uba, a bar musu 'yar gayauna su yi tasu hidimar. Taki ma ba kowa ke samunsa daidai ba, domin wanda ba shi da jaki ko dabba gonarsa ce ke fara gajiya.

3.0 Auduga da Gyaɗa

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911. Burinsu a lokacin auduga ce domin masaƙun Lankasha, kuma Ƙungiyar Noman Auduga ta Birtaniya ta sa rai ƙasar Kano za ta cika taragu da ita. Manoma suka yi nasu lissafin. Masaƙan gida sun fi Turawa sayen auduga da daraja, ga shi tana cin aiki, ba a kuma cin ta in shekara ta ɓaci. Gyaɗa kuwa tana son jigawa, tana shiga tsakanin gero ba ta kore shi ba, tana gyara ƙasa, harawarta abincin dabba ce, in kasuwa ta faɗi kuma a ci abar a gida. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta tashi daga kimanin tan 2,500 a 1912 zuwa sama da tan 19,000 a 1913, ba tare da wani malamin gona ya yi wa kowa huɗuba ba. Dalar gyaɗa da ta zama tambarin Kano, da arzikin fatake irin su Alhassan Ɗantata, daga wannan zaɓi na ƙananan manoma suka samo tushe.

Sai dai kuɗin gyaɗa sun zo tare da harajin da dole a biya da tsabar kuɗi, ko shekara ta yi kyau ko ba ta yi ba. Farin 1913 ya haifar da yunwar 1914 da ake kira Kakalaba, wadda ta hallaka jama'a masu ɗimbin yawa. Daga ƙarshen shekarun 1940 kuma hukumomin sayen amfanin gona suka riƙa yanka wa manomi farashin da bai kai na kasuwar duniya ba, rarar ta tafi wajen gina wasu abubuwa a birane. Da farin 1972 zuwa 1974 ya zo, cutar da ɗarɓa ke yaɗawa ta biyo baya a 1975, sai noman gyaɗa don fitarwa waje ya durƙushe. An rushe hukumomin a 1986.

4.0 Zamanin Manyan Ayyuka

Fari da kuɗin man fetur sun haɗu a lokaci guda, suka sa gwamnati ta karkata ga manyan madatsun ruwa. An kammala Tiga a 1974 domin shayar da filayen Kadawa da kewaye, a 1976 aka kafa hukumomin raya kogunan ƙasa, a shekarar kuma aka ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo, wanda shirin juyin noma na Shagari ya gaje shi a 1980. Ba za a ce Tiga ba ta amfani kowa ba. Shinkafa da tumatir da alkamar Kura da Kadawa shaida ne. Amma ruwan da aka tare a sama, a ƙasa aka rasa shi. Fadamun Haɗeja da Nguru, inda dubban iyalai ke noman shinkafa da su da kiwo bisa ambaliyar shekara-shekara, sun ƙanƙance. Masu binciken da suka auna abin a farkon shekarun 1990 sun gano cewa kowane ma'aunin ruwa ya fi kawo amfani a waɗannan fadamu fiye da yadda yake kawowa a filayen da aka kashe miliyoyi a kansu.

Abin da ya faru a Bakolori, kusa da Talatar Mafara, ya fi wannan muni. An kammala madatsar a 1978 a kan kogin Sakkwato. An tashi ƙauyuka, aka baje gonaki da itatuwan da ke cikinsu da manyan motoci, manoma suka yi damina ba su shuka ba, batun diyya kuma ya yi ta jan ƙafa. Da suka tare hanyoyin aikin, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far musu a watan Afrilu na 1980. Gwamnati ta ambaci adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, mutanen yankin kuwa ɗaruruwa suke faɗi. A ganina babban kuskuren masu tsara aikin shi ne sun dubi fadamar da aka yi ɗaruruwan shekaru ana nomawa kamar filin da ba a taɓa komai a kansa ba.

5.0 Abubuwan da Suka Karɓu

Abin lura shi ne, tallafin da ya zauna da gindinsa mafi yawansa ƙanana ne, irin waɗanda manomi zai iya sakawa cikin tsarinsa ba tare da ya rushe shi ba. Garmar shanu, wadda aka fara yaɗawa a ƙarshen shekarun 1920 ta hanyar rancen En'e, ta yi jinkirin karɓuwa, amma ta zauna domin shanun huɗa suna ba da taki, a ƙarshe kuma a sayar da su da riba. Ƙaramin injin ban ruwa da rijiyar burtsatse marar zurfi, waɗanda ayyukan raya noma na jihohi suka yaɗa a shekarun 1980, sun maye gurbin jigo cikin ɗan lokaci, har Shirin Fadama na ƙasa ya ginu a kansu a farkon shekarun 1990. Shi ma yana da nasa tabon, domin faɗaɗar noman rani ta toshe burtali da mashaya a wurare da dama, ta ɓata tsohuwar ma'amalar manomi da makiyayi. Buhun nan mai ruɓi uku da aka fara yaɗawa a 2007 ya ba mai wake damar ajiye amfaninsa ba tare da magani ba, ya jira farashi ya tashi.

Misali mafi girma daga ƙasar Hausa ta Nijar ya fito. A yankin Maraɗi, bayan dashen itatuwa na hukuma ya sha kasa, wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura a 1983 cewa kututturan da ake ƙonewa lokacin sharar gona suna da rai. Aka shawo kan manoma su bar 'yan rassa masu ƙarfi a kowane kututture, su riƙa yi musu aski. Da aka sassauta dokar gandun daji, manomi ya tabbata itacen da ya raya nasa ne, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona, har aka ƙiyasta ya game kimanin hekta miliyan 5. Sunan da aka raɗa masa, sassaben zamani, ya cancanci nazari, domin abin da ya dawo da shi shi ne gona mai itatuwa irin wadda Barth ya ratsa.

A kewayen Kano kuwa ginshiƙan tsohon tsarin suna fuskantar matsin da ba fari ne ya kawo shi ba. Gonakin Ungogo da Kumbotso, waɗanda suka fi kowaɗanne shan taki, su ne ake yankawa fuloti-fuloti. Jakuna sun yi ƙaranci saboda cinikin fatarsu, har ta kai Tarayyar Afirka ta haramta yanka su domin fata a 2024. Har yanzu manoma suna sayen sharar birni, amma a mota ake kai ta, kuma cike take da leda da fasassun kwalabe, sai an sa yara sun tsince kafin a watsa ta a gona.